Henry Molaison: Mutumin Da Agogonsa Ya Tsaya A 1953

A ƙarshen shekarar 1953 ne Allah Ya yi wa Sarkin Kano Abdullahi Bayero rasuwa. To ɗan'uwa ɗalibi, ka ɗauka akwai wani saurayi a ƙauyenku, can wajen Dambatta ko Bichi ko Tsanyawa, wanda tun daga wannan shekarar babu wani sabon abu da ya ƙara zama a kansa. An samu 'yancin kai a 1960, bai riƙe ba. An naɗa Ado Bayero a 1963, an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, an bar fam da sule an koma naira da kwabo a 1973, duk a gabansa aka yi, yana gani yana ji, amma ko ɗaya bai kwana a kansa ba. Ba mahaukaci ba ne. Ku gaisa lafiya lau, ku yi hira, ya ba ka labarin yarintarsa har ku yi dariya. Ka fita ka sha ruwa ka dawo, sai ya tarbe ka kamar baƙon da bai taɓa gani ba. Haka zai yi ta rayuwa har shekara 55.

An yi wannan mutumin da gaske, sai dai a Amurka aka yi shi. Sunansa Henry Gustav Molaison. Duk tsawon rayuwarsa bayan 1953, littattafan likitanci ba su taɓa kiran sa da sunansa ba, sai dai haruffa biyu, H.M., don a rufa masa asiri. Da wuya ka buɗe littafin da ke bayanin ƙwaƙwalwa a kowace jami'a ta duniya ba ka ci karo da haruffan nan biyu ba. Shi kuwa bai taɓa riƙe cewa ya yi suna ba.

An haife shi ranar 26 ga Fabrairu, 1926, a yankin Hartford da ke Jihar Connecticut. Mahaifinsa Gustave mai aikin lantarki ne, mahaifiyarsa Elizabeth, kuma shi kaɗai suka raina. Talakawa ne masu rufin asiri. Yana yaro wani mai keke ya buge shi ya faɗi ya bugu a kai, kuma mutane da yawa suna danganta ciwonsa da wannan faɗuwar, ko da yake a dangin mahaifinsa ma akwai masu farfaɗiya. Yana shekara 10 ƙananan alamu suka fara: sai ya ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu, ido a buɗe, ana yi masa magana ba ya ji, sannan ya dawo kamar ba a yi komai ba. Wajen shekara 16 babbar ta zo, irin wadda muka sani, ta faɗuwa da sanƙarewa da cizon harshe da kumfa.

A nan ba sai an yi wa ɗan ƙauyenmu dogon bayani ba. Mun san yadda ake yi idan mai farfaɗiya ya faɗi a kasuwa ko a bakin rijiya: a watse a bar shi, wani ya ce kada yawunsa ya taɓa ka, wani ya ce mutanen ɓoye ne. Daga ranar an daina cin abinci kwano ɗaya da shi, maganar aure kuwa sai dai a yi shiru. Turawan ma a lokacin ba su fi mu ba. Yara sun tsokani Henry har ya bar makaranta na wani lokaci, bai gama sakandare ba sai 1947 yana da shekara 21. Ranar bikin yaye su ma ba a bar shi ya hau dandamali ya karɓi takardarsa ba, don gudun kada ya faɗi a gaban jama'a. (Tunda maganar ta zo, bari in faɗa: farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa. Hargitsewar saƙonnin lantarki ce a cikin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita kusan miliyan 50, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwar in sun samu magani yadda ya kamata.)

Henry yana cikin waɗanda magani bai yi wa aiki ba. Ya yi aikin naɗin wayar injinan lantarki, irin wanda 'yan sashen lantarki suke yi a wokshof, amma ciwon ya raba shi da aikin. Kafin ya kai shekara 27 yana ɗauke wuta kamar sau goma a rana, babbar faɗuwa kuwa aƙalla sau ɗaya a mako, duk da ana ɗura masa magunguna masu ƙarfi. Ya koma zaman gida gaban iyayensa, ba aiki, ba aure, ba fita.

A wannan halin suka je wurin Dakta William Beecher Scoville, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Hartford. Scoville gwani ne, hannunsa na da kyau, amma mutum ne mai ganganci da son gwada sabon abu. Zamanin ne ake yayin yanke wani sashe na ƙwaƙwalwar masu taɓin hankali da sunan magani, kuma ya yi irin wannan aiki da yawa. Ya riga ya gwada cire wani ɓangare da ke can ciki, saitin kunnuwa, a kan majinyata masu tsananin taɓin hankali. An san cewa farfaɗiya takan taso daga wannan wurin. Matsalar ita ce gwaje-gwajen da aka yi wa Henry ba su nuna takamaiman gefen da tasa take tasowa ba, dama ko hagu. Likita mai taka-tsantsan da ya tsaya nan. Scoville ya yanke shawarar cire na gefen biyu gaba ɗaya, Henry da iyayensa kuma suka amince. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

An yi aikin a 1953, Henry yana farke, fatar kansa kawai aka kashe da allura, don ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin yanka. Scoville ya huda ƙoƙon kai wuri biyu a saman idanu, ya ɗaga gaban ƙwaƙwalwar, ya zura siririn bututu mai zuƙa ya tsotse abin da ya nufa, dama da hagu. Cikin abin da ya tafi akwai babban kaso na wata 'yar tsoka mai lanƙwasa da ake kira hifokamfas. Kowane mutum yana da guda biyu, kowace ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. A lokacin babu wanda ya san ainihin aikinta. Wasu ma sun ɗauka harkar jin ƙamshi da wari take yi.

Ta fuskar farfaɗiya aikin ya yi amfani, faɗuwar ta ragu ƙwarai, ko da yake bai daina shan magani ba har ya mutu. Amma tun yana gadon asibiti aka ga akwai matsala. Ba ya gane ma'aikatan jinyar da ke shigowa wurinsa kullum. Ba ya gane hanyar banɗaki, ko sau nawa aka nuna masa. Ya ci abinci, bayan rabin awa bai san ya ci ba. Da aka koma gida abin ya ƙara fitowa fili: mujalla ɗaya zai karanta yau, ya karanta gobe, kullum sabuwa ce a wurinsa. Kullum sai mahaifiyarsa ta gaya masa inda ake ajiye injin yankan ciyawa, ko da jiya ya yi aiki da shi. Da suka sauya gida, in aka bar shi shi kaɗai tsohon gidan yake nufa.

Labarin ya isa Kanada ta wata hanya. A Montreal akwai shahararren likita Wilder Penfield, wanda yake yi wa masu farfaɗiya tiyata, amma shi gefe ɗaya kawai yake cirewa, kuma galibin majinyatansa suna tashi lafiya. Sai biyu daga cikinsu suka tashi da mummunar mantuwa. Penfield da wata matashiyar masaniyar halayyar ɗan'adam da ke aiki tare da shi, Brenda Milner, 'yar asalin Ingila, suka yi zargin cewa mutanen nan biyu dama ɗaya gefen nasu ya riga ya lalace ba a sani ba, don haka da aka cire mai lafiyar sai suka tashi babu ko ɗaya. Da Scoville ya ji wannan bayani sai ya kira Penfield a waya ya ce yana da majinyacin da shi da hannunsa ya cire wa duka biyun. A 1955 Milner ta hau jirgin ƙasa zuwa Hartford.

Abin da ta tarar ya ba ta mamaki. A watan Afrilun 1955 aka tambayi Henry kwanan wata, ya ce Maris ne na 1953, shekarunsa kuma 27. Amma da aka yi masa gwajin kaifin basira sai ya ci 112, alhali kafin tiyata 104 ya ci, wataƙila don faɗuwar ta ragu. Maganarsa daidai, lissafinsa daidai, ladabinsa da barkwancinsa suna nan. Ya san sunan iyayensa, ya san unguwar da ya taso, ya san labarin Yaƙin Duniya na Biyu. Abu ɗaya ne ya tafi: ikon mayar da abin da ya faru yanzu ya zama abin tunawa gobe. A 1957 Scoville da Milner suka wallafa rahoton, inda Scoville ya amsa cewa aikin gwaji ne, ya kuma gargaɗi likitoci kada wani ya sake yin irinsa.

Sai ka san abin da masana suka yarda da shi kafin nan za ka gane nauyin rahoton. Wani masani Ba'amurke, Karl Lashley, ya shafe shekaru yana koya wa ɓeraye hanya, yana yanke sassa daban-daban na ƙwaƙwalwarsu don ya gano inda abin da suka koya yake ajiye. Bai samu wuri ɗaya ba, sai ya kammala cewa tunawa a warwatse take a ko'ina, babu wani sashe da ya keɓanta da ita. Henry ya rushe wannan. Ga mutum an cire masa abu ɗan ƙarami, hankali bai taɓu ba, magana ba ta taɓu ba, amma ajiyar sabon abu ta tsaya cak.

Ni yadda na fahimci abin, da harkar kaka na kwatanta shi. An girbe gero, an ɗaure damuna, suna jibge a gona. Ga rumbu a gida cike da hatsin bara da na bara waccan. Tsakanin gona da rumbu akwai mai jaki ko mai amalanke da ke jigila. A kan Henry, rumbun yana nan da tsohon hatsinsa, gonar ma tana bayarwa kullum, don yana gani yana ji yana fahimta. Mai jigilar ne aka kashe. Duk abin da aka girbe a nan gona zai kwana, kafin safiya dabbobi da iska sun gama da shi. Da a ce hifokamfas ita ce rumbun, da yarintarsa ma ta tafi tare da ita.

Akwai wani gwaji da ya kamata kowane ɗalibi ya sani kafin jarrabawa ta zo. Milner ta ba Henry lamba 584 ta ce ya riƙe, ta bar shi shi kaɗai. Bayan kusan minti 15 ta dawo, ya faɗa mata lambar daidai, har ya bayyana mata dabarar lissafin da ya yi ta juyawa a ransa don kada ta kuɓuce. Sai ta ɗauke masa hankali da wata magana ta ɗan lokaci, ta sake tambaya. Ba lambar kawai ya manta ba, bai ma san an ba shi wata lamba ba. Wato riƙon ɗan lokaci daban, ajiya mai daɗewa daban, kuma kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa. Wanda ya kwana yana maimaita handawut, ya taho yana motsa baki har ƙofar ɗakin jarrabawa, sannan mai sa ido ya daka tsawa a kan katin shaida komai ya watse, to 584 ɗin Henry ya yi. Bambancin kawai shi ne kai mai jigilarka yana nan da ransa, lokaci ne ba ka ba shi ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa barci na cikin lokutan da hifokamfas take wannan jigilar, ga shi kuwa barcin ne abu na farko da muke sadaukarwa a makon jarrabawa.

Amma gwajin da ya fi kowanne suna shi ne na tauraro. Milner ta ajiye masa takarda mai zanen tauraro mai tsini biyar, da layi biyu, na ciki da na waje. Aikinsa ya bi tsakanin layukan da fensir ba tare da ya taɓa su ba, kuma an kare hannunsa, ba ya ganin sa sai ta madubi. Ka gwada a hostel ka gani: hannu zai yi ta tafiya inda ba ka aike shi ba. Henry ma haka ya fara, kuskure a kan kuskure. Aka yi ta maimaitawa kwana uku. Kowace safiya sai an sake yi masa bayani daga farko, don a saninsa bai taɓa ganin wannan madubi ba. Amma kuskuren yana ta raguwa, kuma inda ya tsaya jiya daga nan hannun yake ɗorawa yau. A rana ta uku ya zana tauraron tsaf, har shi kansa ya yi mamakin yadda abin da ya zaci zai yi wuya ya zo masa da sauƙi. Milner ta fitar da wannan sakamako a 1962.

Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Daga nan aka gane cewa abin da muke kira tunawa ba abu ɗaya ba ne. Akwai sanin cewa abu kaza ya faru ko abu kaza haka yake, wanda za ka iya faɗa da baki, shi ne mai buƙatar hifokamfas. Akwai kuma iyawa, wadda take zama a jiki ta hanyar maimaici, ita kuma wasu sassan ƙwaƙwalwa ne dabam suke riƙe da ita. Mu da muka taso a karkara mun ga wannan ba mu san sunansa ba. Tsoho ya rikice, ba ya gane jikokinsa, yana tambayar matarsa da ta rasu shekara goma, amma ka miƙa masa kaba ya tufka igiya ba gargada, ko ka ba shi fartanya ka ga yadda zai riƙe ta. Tsohuwa ta manta ta ci tuwo, amma in ta karɓi faifai ta yi bakace ko ƙwaya ba za ta zube ba. Cutar mantuwar tsufa da ake kira Alzheimer takan fara ɓarna ne a daidai yankin da aka cire wa Henry, shi ya sa sabon abu ke fara tafiya, tsohon labari da aikin hannu su daɗe. Irin waɗannan tsofaffi ne wani lokaci ake cewa suna yi da gangan, ko a ce an yi musu asiri. Kuma wannan ne dalilin da ya sa ba a koyon walda ko haɗa waya daga allo. Wanda ya tsere wa firaktikal ya haddace bayanin, wani rumbun ya cika, wanda ake buƙata a wurin aiki kuwa babu komai a ciki.

A 1962 ɗin ne wata ɗalibar Milner, Suzanne Corkin, ta fara haɗuwa da shi. Daga baya ta koma jami'ar MIT, kuma ta ci gaba da bincike a kansa har mutuwarsa, shekara 46. Masana fiye da 100 ne suka yi aiki a kansa. Duk tsawon shekarun nan bai riƙe ko ita wace ce ba. Fuskarta ta zama sananniya a wurinsa, amma in an tambaye shi sai ya ce kamar tare suka yi sakandare.

Da tafiya ta yi nisa an gano cewa ƙofar ba ta rufe ruf ba. Gidan da suka koma a 1958, shekara biyar bayan tiyata, ya iya zana taswirar ɗakunansa daidai a 1966, saboda ya shafe shekaru yana zagaya shi da ƙafarsa. Ya tsinci ɗan abin da ba a rasa ba game da wasu shahararrun mutane na bayan 1953, irin su Shugaba John Kennedy, daga yawan kallon talabijin. Amma tsinta-tsinta ce, abin da yaro zai riƙe a zama ɗaya shi sai an maimaita masa shekara da shekaru. An kuma gano cewa tsohon rumbun ma bai tsira gaba ɗaya ba. Ya san abubuwa game da yarintarsa, amma in aka ce ya kawo wata rana guda, abin da ya faru da yadda ya ji, sai ya kasa. Corkin ta ce biyu kawai ta samu cikakku: ranar da ya fara zuƙar taba yana shekara 10, da ranar da aka ɗauke shi a ƙaramin jirgin sama yana shekara 13.

Wani gwajin kuma ni tausayi ya ba ni fiye da mamaki. An kawo masa abincin dare ya cinye, aka ɗauke kwanon, bayan minti ɗaya aka kawo wani kamar ba a yi na farko ba. Ya zauna ya ci kusan duka. Ashe ƙoshi ma ba a ciki kaɗai yake ba, da sanin cewa ka ci.

Rayuwarsa ta yau da kullum ba ta da yawa. An sama masa aiki a wata cibiyar masu buƙata ta musamman, yana jera laita a jikin kwali don kai wa kanti. Yana yin aikin da kyau, amma bayan wata shida bai iya faɗin irin aikin da yake yi ba. Yana son wasan cike gurbin kalmomi na jarida, yana son tsofaffin finafinai. Akwai labarin da yake yawan ba masu bincike, wani lokaci sau da yawa a zama ɗaya: wai da ya so ya zama likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, amma ya fasa saboda yana sa tabarau, kada gilashin ya yi datti hannunsa ya kauce ya cuci wani. Ko ya san abin da yake faɗa ya shafe shi, Allah masani. Ya dai san an yi masa aiki a kai, ya san yana da matsalar mantuwa, kuma yakan nuna jin daɗi cewa abin da ake koya daga gare shi zai taimaki wasu.

Mahaifinsa ya rasu a 1967. Ka yi tunanin wannan da kyau. Mu in an yi mana rasuwa, ana zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, zuciya tana sabawa a hankali har ta haƙura. Haƙuri ma ashe sai da tunawa. Henry ya daɗe yana tambayar ina babansa, in an gaya masa sai abin ya zo masa sabo. Daga baya aka ga yana ɗauke da 'yar takarda a walat ɗinsa, wadda ya rubuta wa kansa cewa mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma tana gidan kula da tsofaffi. A 1980 shi ma aka kai shi irin wannan gida a garin Windsor Locks, mahaifiyar ta rasu a 1981, ya yi shekara 28 a can. Da ƙafafunsa suka yi rauni aka ba shi ƙarfen dogarawa, jikinsa ya koyi amfani da shi, ko da yake bai riƙe dalilin da ya sa aka ba shi ba.

Abin da aka koya daga gare shi ya canza aikin likita kai tsaye. Har yau ana yi wa masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani tiyata a wannan ɓangare, kuma da yawa suna warkewa, amma gefe ɗaya ake cirewa, sai an tabbatar ɗayan zai iya ɗaukar nauyin. Akwai gwajin da ake sa rabin ƙwaƙwalwa barci na 'yan mintoci da allura, a ga ko ɗaya rabin zai iya magana ya kuma riƙe abu. Sunansa gwajin Wada, kuma kafin wani ya yi murna, ba Wadan unguwarku ba ne, wani likita ne ɗan asalin Japan, Juhn Wada. Milner na cikin waɗanda suka faɗaɗa gwajin ya haɗa da auna tunawa. Masu binciken dabbobi su ma suka raja'a a kan hifokamfas. A 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa akwai ƙwayoyin halitta a cikinta da ke aiki kamar taswira, suna gaya wa ɓera inda yake, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014 tare da May-Britt Moser da Edvard Moser. Sai ka tuna Henry da hanyar banɗakin asibiti.

Akwai tambayar da ba na jin ya kamata a tsallake. Mutumin da ba ya riƙe abin da aka gaya masa minti biyar da suka wuce, yaya ake neman izininsa? In ka karanta masa takardar amincewa mai shafi uku, kafin a kai ƙarshe ya manta farko. Shekaru da dama shi yake sa hannu da kansa, sai a 1992 kotu ta naɗa masa wakili. A 2016 wani ɗan jarida, Luke Dittrich, wanda jikan Scoville ne, ya fitar da littafi yana tuhumar kakansa da ganganci, yana kuma tuhumar yadda aka tafiyar da binciken, har da batun izini da na adana bayanai. Masana da yawa sun fito sun kare Corkin, wadda ta rasu a shekarar, suna cewa ta kula da Henry tsakani da Allah, kuma ita ta tsare shi daga 'yan jarida da masu son kallo. Ni a ganina duka biyun za su iya zama gaskiya. An kula da shi, an kuma ci moriyarsa, kuma ko da an ɓata masa rai a ɗakin gwaji ranar Litinin, ba shi da hanyar da zai ƙi zuwa ranar Talata saboda haka. 'Yan'uwanmu da ke karatun fannin lafiya, waɗanda gobe za su miƙa wa dattijon ƙauye takardar Turanci su ce ya dangwala, su ne suka fi kowa buƙatar su tsaya a kan wannan.

Henry ya mutu ranar 2 ga Disamba, 2008, yana da shekara 82, sakamakon matsalar numfashi. Sai a lokacin aka bayyana cikakken sunansa ga duniya. A daren aka kai gawarsa Boston, aka shafe sa'o'i ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar da na'urar MRI, washegari aka ciro ta. Bayan shekara guda, a Disamban 2009, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, wani masani mai suna Jacopo Annese ya daskarar da ita ya yanka ta falle-falle, kowane falle kaurinsa kamar silin gashi. Aikin ya ɗauki awa 53, ana nuna shi kai tsaye ta intanet, aka samu falle 2,401.

Sakamakon ya fito a 2014. Scoville ya rubuta cewa ya cire kimanin santimita 8 a kowane gefe, hotunan da aka ɗauka tun Henry na da rai sun riga sun nuna bai kai haka ba, yankan kuma ya tabbatar: wani kaso mai yawa na bayan hifokamfas yana nan a gefen biyu. Abin da ya tafi kusan gaba ɗaya shi ne sashen da ke gabanta, mashigar da saƙonni daga sauran ƙwaƙwalwa suke bi su isa gare ta. Wato shekara 55 ragowar tana zaune a kansa, hanyar zuwa wurinta ce aka datse. An kuma ga wani ɗan tabo a gaban ƙwaƙwalwar ta hagu wanda ba a san da shi ba, ana kyautata zaton ƙarfen da aka ɗaga ta da shi ranar tiyata ne ya bar shi. Scoville bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, ya mutu a haɗarin mota tun 1984.